Inda Kawu Yake Numfashi

Litinin, 1 ga Satumba

Shugaba, mai jagorantar kiɗanmu, ya kira ni da safe ina tsakiyar koyar da 'yan aji biyu. Wai ƙungiyarmu ta jaz za ta cika shekara talatin a watan gobe, yana so a buɗe taron da sabon kiɗa namu na kanmu, kuma ni zan rubuta. Na ce masa to, kamar wadda aka aika sayen ashana. Sai da na ajiye wayar sannan gabana ya faɗi.

Shekara goma sha ɗaya ina zaune gaban piyano a ƙungiyar nan, ina buga abin da wasu suka rubuta, ina gunaguni a raina cewa da ni ce da ba haka zan yi ba. To ga shi an ba ni. Mutum goma sha bakwai: ƙaho huɗu, turombon huɗu, saksofon biyar, jita, bes, ganguna, sai ni. Kowa da takardarsa daban. Minti takwas ake so, kwana arba'in gare ni.

Maigida ya ce in ci abinci tukuna.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ba komai. Takarda uku a kwandon shara.

Asabar, 6 ga Satumba

Ya zo! Ina wanke-wanke, hannuna duk kumfa, sai na ji karin a kaina, kuma da muryar ƙahon Kawu na ji shi. Na bar famfo a buɗe na ruga wajen piyano.

Dama ina zan je in ba wajensa ba? Ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai. Shi ya koya mini karanta kiɗa da murafen kwalba a kan layuka biyar da ya zana da alli a teburin cin abinci. Har yau Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tun ranar da aka kafa ƙungiyar nan yake kan kujerar ƙaho na ɗaya, wato shi ke ɗaukar muryar da ta fi kowacce tashi sama, sauran su bi bayansa. Bana shekararsa saba'in da ɗaya.

A tsakiyar kiɗan kowa zai lafa, a bar shi shi kaɗai. Gida goma sha biyu na yanka masa, wato gaɓoɓin nan da ake raba layin kiɗa da su a takarda. Ya fara daga ƙasa, ya dinga hawa, ya je can ƙololuwa ya tsaya ya riƙe. Yadda yake yi ina yarinya, har tagogi su ɗauka. Numfashi biyu ya ishe shi.

Ban gaya masa ba. Ina so ya gani a takarda.

Talata, 9 ga Satumba

Na kai shafi huɗun farko wajen atisaye da yamma, ina ji da kaina. Ba a yi nisa ba masu turombon suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya tsaya, wancan ya tsaya, na ƙarshe ya kai gida na sha huɗu idonsa ya yi jajur. Shugaba ya ɗaga hannu.

Babban mai turombon ya ce, “Malama, laifin me muka yi miki? Gida goma sha shida ba wurin numfashi?”

Mai ganga, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, “Ku yi mata uzuri. Ni da ita muna kiɗa muna hira, ba mu san ana numfashi ba.”

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiyarsu ce. Yatsa ba ya neman iska. Na rubuta musu abin da hannuna ke iyawa, na manta cewa su da ƙirji suke aiki.

Kawu bai yi dariya ba. Da muna fita ya ce, “Uwata, kafin ki rubuta layi, rera shi da bakinki. Inda kika tsaya, nan za mu tsaya.”

Alhamis, 11 ga Satumba

Ina rera komai yanzu. A kicin, a mota, a layin biyan kaya a kanti. Maigida ya ce maƙwabta sun fara gaishe shi da tausayi.

Na gyara wa turombon. Na gano cewa idan na raba dogon layi tsakanin mutum biyu, wannan ya miƙa wa wancan, kunne ba ya jin ɗinkin. Abin ya yi mini daɗi har na tashi na yi 'yar rawa ni kaɗai.

Layin Kawu kuwa ban taɓa shi ba. Shi ai daban ne.

Talata, 16 ga Satumba

Ba na son rubuta wannan.

Yau muka kai tsakiyar. Kowa ya lafa kamar yadda na tsara, Kawu ya miƙe tsaye, ya ɗaga ƙaho. Gida huɗun farko, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, muryar nan tana nan. Daga nan ya fara hawa. A na bakwai sautin ya yi rawa. A na tara ya tsage, iska kawai ta fita. Ya sake gwadawa daga farko. Haka. Ya sake. Haka.

Kawu ya kwance bakin ƙahon, ya duba cikinsa, ya hura, ya mayar, kamar a nan matsalar take. Shugaba ya ce mu tsallake zuwa ƙarshe saboda lokaci.

Kowa ya san tun watan biyar aka cire masa haƙoran gaba aka sa na roba. Ni na kai shi asibitin ma. Mai ƙaho kuwa a kan haƙoran nan leɓensa ke jingina. Na sani sarai. Na zauna na rubuta gida goma sha biyu kamar ban sani ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Shugaba ya zo har makaranta, muka tsaya a baranda. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce yana girmama Kawu fiye da yadda nake tsammani, tare suka fara, amma ba zai tsayar da shi gaban mutum ɗari huɗu ya tsage ba. “Wannan ba karramawa ba ce, tozarci ne.” Ya ba ni zuwa Talata, talatin ga wata. In abin bai zauna ba, Dogo zai ɗauki layin.

Dogo ne ƙaho na biyu. Shekara tara yana gefen Kawu, mutumin kirki, ba ya ɗaga ido. Ba shi da laifin komai, amma yau ko sunansa ba na son ji.

Na ce wa Shugaba zan san yadda zan yi. Ban san yadda zan yi ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Na yi dabara. Na rubuta wa Dogo layin Kawu sak a tasa takardar, daga gida na bakwai zuwa ƙarshe, su busa tare. In Kawu ya faɗi, Dogo na riƙe da shi, ba wanda zai gane daga kujerun 'yan kallo. Na sa saksofon biyu a ƙarƙashinsu don su ƙara rufewa. Na ce wa kowa wai don sautin ya yi kauri ne.

Aka buga. Ya fita lafiya lau, Shugaba har ya gyaɗa kai.

Kawu ya sa ƙahonsa a akwati a hankali. Ya jira kowa ya fita, sannan ya zo ya tsaya a jikin piyano.

“Uwata.”

“Na'am, Kawu.”

“Ɗan rakiya kika ɗaukar mini?”

Na fara zancen kauri. Ya ɗaga hannu. Ya ce shekara hamsin yana busa, ya san bambancin a taya mutum da a rufa masa asiri. Ya ce in ba zai iya ba, in buɗe baki in ce ba zai iya ba, shi ba jariri ba ne. Ya ce ko a tebur da murafen kwalba bai taɓa ce mini na yi daidai ba alhali ban yi ba.

Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Talata, 23 ga Satumba

Bai zo ba. Shekara talatin, sau biyu kawai aka taɓa ganin kujerar nan ba kowa, duka biyun kuma rasuwa aka yi. Dogo ya ƙi matsawa kanta, ya busa daga tasa.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na kwaso jakunkunan takardun kowa na kawo gida don in shigar da gyare-gyare. Ban taɓa zama na duba takardun masu busa da kyau ba. Ashe duk cike suke da fensir. Kowa yana sa ɗan waƙafi a saman layi, daidai inda zai ja numfashi. Na babban mai turombon manya-manya ne kamar ƙugiya. Na Dogo ƙanana, a tsare.

Na buɗe ta Kawu. A kan gida goma sha biyun nan akwai waƙafi biyu, inda na yi zato. An goge su, amma sawunsu na nan. Sai huɗu, su ma an goge. Sai na yanzu, waɗanda ya danna fensir sosai: bakwai. Takardar har ta yi laushi a wurin saboda gugar roba. A kan sautin ƙololuwar nan kuma ba waƙafi, sai ɗan zagaye da ya yi masa, da alamar tambaya.

Wato yana komawa gida yana gwadawa, yana ƙirgawa, yana gogewa. Shi kaɗai. Ni kuwa ina nan ina rubuta wa wani mutum mai shekara arba'in da na baro a ƙuruciyata.

Na yi kuka, ba zan ɓoye wa littafin nan ba. Maigida ya leƙo, ya ga takarda a hannuna, ya ajiye mini shayi ya ja ƙofa.

Da na nutsu sai na rera layin, ina tsayawa a duk inda ya sa waƙafi. Sau bakwai. Abin mamaki, ba a ko'ina ya yanka ba. Ya zaɓi wuraren da karin da kansa yake son ya ɗan dakata. Guntu-guntu ya zama, kamar mutum yana magana yana tunani. Ya fi nawa kyau. Haushi ma ya kama ni.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na je gidansa bayan an tashi daga makaranta. Inna, matarsa, ta nuna mini ɗakin ajiya da haɓa, ta ce, “Tun safe. Sauti ɗaya yake ta ja, kaina kamar zai rabe.”

Yana zaune kan tsohuwar kujera tsakanin akwatuna, ga madubi ya jingina a kan shiryayye yana kallon bakinsa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na ce na zo ba da haƙuri, kuma na zo aiki. Na miƙa masa takardarsa, na ce ya busa mini yadda ya sa alamominsa, kada ya yi ƙoƙarin haɗe komai.

Ya ce, “Rage mini za ki yi.”

Na ce, “Sautin ƙololuwar zan cire, Kawu. Ba ya fita. Ba zai fita ba kafin ranar.”

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “To. Yanzu kika yi magana.”

Ya busa. Ina riƙe da agogo, ina rubuta tsawon kowane yanki da tsawon kowane numfashi. Na farko gajere ne, na biyar kuwa sai ya ɗauki kusan gida guda kafin ya dawo. A ƙasa-ƙasa muryar ƙahonsa ta fi ta da daɗi, ta yi wani irin taushi, da ɗan kaushi a gefe. Ban taɓa saurara ba, kullum sama nake jira.

Ya tambaye ni me zan zuba a ramukan. Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce, “Kada dai ki cika su da yawa. Ke da son surutu.”

Inna ba ta bar ni na tafi ba sai da na ci abinci.

Lahadi, 28 ga Satumba

Kwana biyu ban fita ba. Ga yadda ya kasance: Kawu ya faɗi yankinsa, ya ja numfashi, a cikin numfashin ƙungiya ta amsa masa. Na farko saksofon biyar, a hankali. Na biyu turombon. Kowace amsa tana ɗan fi ta baya girma. Shi yana nan ƙasa ba ya hawa, su ne suke hawa a madadinsa. A numfashi na shida kowa da kowa ya shigo, har Dogo can sama.

Na bakwai na bar shi wayam. Ba kowa. A ji shi yana jan iska.

Gida goma sha biyu sun zama ashirin. Sai na sake kwafe takarda goma sha bakwai, wuyana ya ƙage. Na yi kuskure a ta saksofon na uku, na tsallake gida guda, da ban lura ba da ya riga kowa isa ƙarshe.

Talata, 30 ga Satumba

Kawu ya zo. Ya riga kowa ma.

Sau ɗaya muka buga tsakiyar. Da aka kai numfashi na bakwai mai ganga ya ɗaga sanda zai cike wurin, don hannunsa ba ya jure shiru, na harare shi ya sauke. Aka ji Kawu ya ja iska, har da ɗan ƙaran nan na ƙirjin tsoho. Sannan ya sauke yankin ƙarshe.

Shugaba ya tsaya yana kallon takardarsa. Can ya ce, “Daga gida na sittin da ɗaya kuma,” ya wuce gaba. Bai ambaci talatin ga wata ba, ni ma ban tuna masa ba.

Dogo ya same ni wajen ajiye motoci, ya ce ya gode da na cire shi daga wancan tsarin. Wai ranar nan ji ya yi kamar yana sata.

Talata, 7 ga Oktoba

Masu turombon sun ce yanzu na zama mutum. Ƙarshen kiɗan har yanzu bai gamshe ni ba, amma an hana ni taɓawa.

Asabar, 11 ga Oktoba

An yi. Ƙarfe huɗu na yamma, zauren a cike.

Ban tuna minti ukun farko ba, hannuna ne kawai ya yi aikinsa. Na dawo hayyacina da Kawu ya miƙe. Rigar nan tasa ta yi masa yawa a kafaɗa yanzu. A yanki na huɗu sauti ɗaya ya ɗan karce, kaɗan, ya wuce abinsa bai waiwaya ba. Da aka zo wurin shirun, zauren duka ya yi shiru tare da shi. Wata mata a layin gaba ta dafe ƙirji.

An yi tafi sosai. Shugaba ya nuna ni, na tashi na rusuna.

A bayan dandali Kawu yana goge ƙaho ya ce, “Amsar turombon ta biyu ta yi tsawo.” Na ce to. Ya ce, “Sauran ba laifi.” A wajensa wannan kyauta ce babba, na riƙe ta hannu biyu.

Na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai, kuma can ƙasa akwai wani abu mai nauyi da ban so in taɓa yau.

Talata, 14 ga Oktoba

An ba mu hutun mako biyu. Na fara wani sabon abu, ba wanda ya sa ni. Ba zan ce komai a kansa ba tukuna.

Talata, 28 ga Oktoba

Mun koma atisaye. Na zo da sabon kiɗan a jaka, shafi uku, ban yanke shawarar ko zan fito da shi ba.

Ina shiga na tarar da Kawu a kujerar ƙarshe ta layin masu ƙaho, ta huɗu, can jikin bango. Ya baje kayansa, ya rataye hularsa, kamar nan ya saba zama. Mai kujerar yana tsaye da akwati a hannu. Dogo ya ce, “Baba, don Allah…” Kawu ya ce, “Matsa gaba, kana tare mini iska.” Shi ke nan. Kowa ya matsa kujera ɗaya. Shugaba ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

Sai na ga ba amfanin ɓoyewa, na raba takardun.

Ni dai na san kiɗan ne ya buƙaci haka. Karin ya fi zama a ƙasa, shi ya sa na ba ƙaho na huɗu. Yankunan gajeru ne don haka suka zo mini. Rubutun ya yi manya don fensirin da na samu ke nan. Layin ƙaho na ɗaya kuma ya hau can sama inda Dogo ne kaɗai ke kaiwa, wannan ma haka ya zo.

Kawu ya sa tabarau ya bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa, yana motsa leɓe. Ya tsaya a kusurwar ƙasa, inda nake sa kwanan watan da na kwafe. Sha huɗu ga wata. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

“Uwata, ashe kin riga ni.”

Na ce, “Kawu, mu ɗauka daga farko?”

Ya ce, “Ɗauka.”

Na ba da sautin da za su daidaita ƙahoninsu. Dogo ne ya fara karɓa daga kujera ta ɗaya, na ji, kuma ban juya ba.